Aikin bincike na zango a digiri na biyu na injiniyanci

Aikin bincike na zango wani ƙaramin bincike ne da ɗalibin digiri na biyu a fannin injiniyanci yake gudanarwa cikin zangon karatu guda, ƙarƙashin kulawar farfesa da masu binciken da ke aiki tare da shi, yayin da yake ci gaba da halartar lacca. An fi sanin tsarin a jami'o'in fasaha na Suwizalan da Jamus. Da Jamusanci ana kiransa Semesterarbeit, Semesterprojekt ko Studienarbeit, a birnin Lausanne kuma, inda ake Faransanci, ana ce masa projet de semestre. Yakan zo kafin babban kundin kammala digiri, a zango na farko ko na biyu, kuma yana cikin sharuɗɗan da ɗalibi zai cika kafin a ba shi izinin fara wannan kundi a sassa da dama.

Abin da ya bambanta shi da gwaje-gwajen da ake yi a darasi shi ne, malamin da ya ba da aikin bai san amsar ba tukuna. Ana yanko wa ɗalibi wani yanki daga binciken da ake kan yi a ɗakin gwaje-gwaje, a ba shi makonni ƙayyadaddu, sannan a auna yadda ya tunkari matsalar da yadda ya bayyana abin da ya samu. Ga ɗalibai da yawa, a nan ne ake fara gane ko za su iya aikin bincike, kuma a nan ne su ma suke gane ko suna son sa.

Asali da tarihi

Tunanin haɗa koyarwa da bincike a wuri guda ana danganta shi da Wilhelm von Humboldt da Jami'ar Berlin da aka buɗe a 1810. Wanda ya fara nuna yadda za a aiwatar da shi a kimiyyar gwaji shi ne Justus von Liebig, wanda ya zama farfesa a Giessen a 1824. A ɗakin gwajinsa na ilimin sinadarai, ɗalibi yana fara koyon hanyoyin awo, daga nan a ba shi wata tambaya da ta shafi binciken malamin ya yi aiki a kanta.

Makarantun injiniyanci sun makara wajen bin wannan hanya. A tsakiyar ƙarni na 19 yawancin karatunsu lissafi ne da zane a kan allo. Makarantar fasaha ta tarayya da ke Zurich, wadda aka buɗe a 1855, ba ta da ikon ba da digiri na uku. Shi ya sa Wilhelm Röntgen, wanda ya kammala injiniyancin injuna a can a 1868, sai a Jami'ar Zurich ya karɓi digirinsa na uku a shekarar da ta biyo baya.

Daga shekarun 1870 al'amarin ya fara sauyawa. A Munich, Johann Bauschinger ya kafa ɗakin gwada ƙarfin ƙarfe da kayan gini, Carl von Linde kuma ya kafa ɗakin gwada injuna. Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin dizal, ɗalibin Linde ne. A Zurich, Ludwig von Tetmajer ya buɗe cibiyar gwada kayan gini a 1880, wadda ita ce ta zama cibiyar Empa ta yau. Carl von Bach ya kafa irinta a Stuttgart a 1884. Aurel Stodola, wanda ya koyar a Zurich daga 1892 zuwa 1929, ya shahara kan injunan tururi masu juya janareta, kuma a zamaninsa aka gina wa makarantar babban ɗakin gwada injuna.

A 1899 Sarki Wilhelm na II ya ba manyan makarantun fasaha na Prussia ikon ba da shaidar Diplom-Ingenieur da digirin dakta na injiniya. Makarantar Zurich ta samu ikon ba da digiri na uku a 1908, kuma a 1911 aka sauya mata suna zuwa wanda ake taƙaitawa da ETH. Daga nan bincike ya zama ɓangaren aikin malaman injiniyanci, ɗalibai kuma suka zama masu taimaka musu.

A tsohon tsarin Diplom, wanda karatu ne guda mai ɗaukar kimanin shekara biyar, ɗalibi yana yin Studienarbeit ɗaya ko biyu a rabin ƙarshe na karatunsa kafin ya rubuta Diplomarbeit, wato kundin kammalawa. A ranar 19 ga Yuni 1999 ministocin ilimi na ƙasashen Turai 29 suka sa hannu kan yarjejeniyar Bologna, wadda ta raba karatun jami'a gida biyu: digiri na farko da na biyu. Jami'o'in fasaha na Jamus da Suwizalan sun koma wannan tsari a shekarun 2000. Da aka raba karatun, tsohon aikin Studienarbeit ya faɗo cikin digiri na biyu, kuma saboda digirin gajere ne, sai ya matso kusa da farkonsa.

Matsayinsa a tsarin digiri

Jami'o'in Turai suna auna nauyin karatu da ma'aunin ECTS, wanda aka fara gwadawa a 1989 a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Erasmus. A wannan ma'auni shekarar karatu kiredit 60 ce, zango guda kiredit 30, kuma kowane kiredit yana daidai da aikin sa'a 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi yake yi shi kaɗai. A ETH ana lissafa kiredit guda da sa'a 30.

Digiri na biyu na injiniyanci yakan zama kiredit 90 ko 120, wato zango uku ko huɗu. Kundin kammalawa yana cin kiredit 30 da kimanin wata shida na cikakken aiki. Aikin zango kuwa yakan faɗa tsakanin kiredit 8 zuwa 12. A tsarin kiredit 90 da sashen injiniyancin injuna na ETH ya daɗe yana bi, aikin zango kiredit 8 ne, wato sa'a 240. Wannan daidai yake da mako shida na cikakken aiki, ko kimanin sa'a 17 a kowane mako idan aka baje shi cikin makonni 14 na zango. A sashen injiniyancin lantarki da fasahar sadarwa na wannan jami'a, tun bayan gyaran 2018 da ya mai da digirin kiredit 120, aikin zango kiredit 12 ne, wato sa'a 360, kusan sa'a 26 a mako. A EPFL da ke Lausanne, wadda ta zama makarantar tarayya a 1969, akwai fannonin da ɗalibi yake yin aikin zango biyu a ɗakunan gwaji daban-daban.

Zangon kaka a ETH yana farawa a tsakiyar Satumba ya ƙare gab da Kirsimeti, zangon bazara kuma daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Manyan jarrabawa suna zuwa daga baya, a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu da kuma watan Agusta. A digiri mai zango uku, zango na ƙarshe na kundin kammalawa ne, don haka aikin zango ba shi da wurin zama sai na farko ko na biyu.

A wasu sassan ETH kowane ɗalibin digiri na biyu yana da farfesa mai ba shi shawara, wanda suke tsara jerin darussan da zai ɗauka tare. Ba dole ne wannan farfesa ya zama shi ne mai duba aikin zango ba, amma yakan sa baki wajen zaɓen batu don ya dace da alƙiblar karatun.

Neman batu da mai dubawa

Ba a raba wa ɗalibai batutuwa a aji. Ɗalibi ne yake fita nema. Kowane rukunin bincike yana lissafa ayyukan da yake neman wanda zai yi a shafinsa na intanet, ko a dandalin SiROP da aka fara a Zurich don wannan buƙata, ko a takardun da ake liƙawa a allon sanarwa na cibiya. Sanarwar takan ƙunshi bayanin matsalar, ilimin da ake buƙata, rabon aikin tsakanin nazari da gwaji da rubuta manhaja, da sunan wanda za a tuntuɓa.

Galibi wanda za a tuntuɓa ɗalibin digiri na uku ne, ko mai binciken da ya riga ya kammala nasa. A jami'o'in fasaha na Suwizalan da Jamus yawancin ɗaliban digiri na uku a injiniyanci ma'aikata ne masu albashi, kuma duba ayyukan ƙananan ɗalibai yana cikin aikinsu. Farfesa ne yake da alhakin aikin a hukumance, shi ne yake sa hannu kan maki, amma mai ganin ɗalibin kowane mako wannan mataimaki ne. Batun da aka bayar yakan zama reshe daga bincikensa na digiri na uku: wata hanya da bai samu lokacin gwadawa ba, ko na'urar awo da yake buƙatar a haɗa masa.

Ɗalibi yana aika takardar neman aiki tare da sakamakon karatunsa da taƙaitaccen tarihinsa, sannan a zauna a tattauna. A ɗakunan gwajin da ake rububinsu, musamman na injuna masu sarrafa kansu da na ƙirƙirarriyar basira, masu nema sukan fi guraben yawa. Ɗalibi yana iya zuwa da nasa batun, amma sai ya samu malamin da ya yarda ya ɗauki nauyin dubawa.

Idan aka daidaita, ana rubuta takardar aiki. A cikinta ake fayyace manufa, matakan da za a bi, ranar farawa da ranar miƙawa, da abin da za a miƙa. Wannan takarda ita ce abin komawa idan saɓani ya taso kan faɗin aikin.

Yadda aikin yake gudana

Makonni biyu ko uku na farko sukan tafi wajen bitar ayyukan da suka gabata, koyon na'urori da manhajoji, da horon kiyaye haɗari. Ba a barin ɗalibi ya taɓa na'urar leza, ko wutar lantarki mai ƙarfi, ko sinadarai, ko injunan yankan ƙarfe, sai ya samu wannan horo. Wasu rukunoni suna sa ɗalibi ya yi gajeren jawabi a wannan mataki, ya bayyana yadda ya fahimci matsalar da jadawalin da ya tsara.

Tsakiyar zango ita ce ta ainihin aikin. Ana ganawa da mai dubawa kusan sau ɗaya a mako. Ɗalibi yana kawo abin da ya yi, abin da ya ƙi yiwuwa, da abin da yake shirin yi a mako mai zuwa. Ana sa ran ya riƙe littafin aiki inda yake rubuta kowane gwaji da kwanan wata da yanayin da aka yi shi, ya kuma adana manhajarsa a ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara, kamar Git, yadda wanda zai gaje shi zai iya ɗorawa.

Sau da yawa shirin farko ba ya kaiwa ƙarshe yadda aka zana shi. Kayan da aka yi oda sukan makara, na'ura takan lalace, ko a gano cewa hanyar da aka zaɓa ba ta dace da matsalar ba. Babban aikin mai dubawa a nan shi ne taimaka wa ɗalibi ya rage faɗin tambayar ta koma girman da zai yiwu a sauran makonnin. Misali, wanda aka ba aikin kwatanta hanyoyi huɗu na sanyaya batirin mota yana iya ƙarewa da biyu, amma a auna su da kyau a kuma bayyana iyakar kuskuren awon. A ma'aunin masu bincike, hakan ya fi huɗu da aka yi a gaggauce.

Makonni biyu ko uku na ƙarshe na rubuta rahoto ne da shirya gabatarwa.

Ire-iren ayyuka

Akwai aikin gwaji, inda ɗalibi yake haɗa na'ura ya ɗauki awo: ƙarfin wani sabon haɗin siminti, gudun iska a kan fiffike a cikin ramin gwajin iska, ko zafin da wata na'urar lantarki take fitarwa. Akwai aikin kwaikwayo a kwamfuta, inda ake gina siffar abu da lissafi a ga yadda zai yi idan aka ɗora masa nauyi ko zafi, sannan a gwada sakamakon da awon gaske. Akwai aikin ƙira, inda ake zana wani ɓangaren inji ko allon lantarki a ƙera shi a gwada. Akwai kuma na nazarin lissafi zalla. Yawancin ayyuka suna haɗa biyu daga cikin waɗannan.

Wasu ɗakunan gwaji na ETH sun yi suna wajen sa ɗalibai cikin manyan ayyukansu. Cibiyar da ke ƙirar ƙananan ƙwayoyin lantarki irin waɗanda ke cikin kwamfuta da waya ta daɗe tana ba ɗalibai damar zana ƙwayar da za a kai masana'anta a ƙera ta, a dawo da ita su gwada. A can ne aka fara shirin PULP a 2013 tare da Jami'ar Bologna, ƙarƙashin Luca Benini, don ƙirar ƙwayoyi masu ƙarancin cin wuta bisa tsarin RISC-V. A ɓangaren injuna masu sarrafa kansu, rukunin Roland Siegwart da na Marco Hutter su ne suka samar da injin nan mai ƙafa huɗu da ake kira ANYmal, wanda kamfanin ANYbotics da aka kafa a 2016 yake sayarwa don duba masana'antu. Shirin Pixhawk na sarrafa jirage marasa matuƙi shi ma a ETH ya samo asali a 2008, lokacin da Lorenz Meier yake ɗalibin digiri na biyu, ya tara wasu ɗalibai suka yi aiki tare. Irin waɗannan su ne aka fi ambata, amma yawancin ayyukan zango suna ƙarewa ne a matsayin rahoton cikin gida da manhajar da wani ɗalibi zai ɗora a kai.

Rahoto, gabatarwa da maki

Rahoton yana bin tsarin maƙalar kimiyya: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa da kammalawa. Da yake yawancin digiri na biyu a ETH da Ingilishi ake koyar da su, da shi ake rubuta yawancin rahotanni. Ɗalibi yana haɗawa da takardar shaida da ya sa wa hannu cewa aikin nasa ne kuma ya ambaci duk inda ya ɗauko bayani. A 'yan shekarun nan an ƙara buƙatar ya bayyana ko ya yi amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, da yadda ya yi amfani da su.

Bayan miƙa rahoto ɗalibi yana gabatar da aikin a gaban rukunin binciken, na kimanin minti 15 zuwa 20, sannan a yi masa tambayoyi. Ana duba ingancin hanyar da ya bi, iya aiki da kansa, fahimtar sakamakon, tsabtar rubutu da iya bayani. A Suwizalan maki yana tashi daga 1 zuwa 6, inda 6 ne mafi girma, 4 kuma shi ne mafi ƙarancin ci. A Jamus lissafin a juye yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 iyakar ci, 5.0 faɗuwa. A ETH wanda ya faɗi yana da damar maimaitawa sau ɗaya.

Gwajin da ya nuna cewa wata hanya ba ta aiki ba ya kayar da ɗalibi, matuƙar an yi shi bisa ƙa'ida an kuma bayyana dalili. Abin da ke kayarwa shi ne rashin miƙa aiki a kan lokaci, sakamakon da ba za a iya bin sawunsa ba, ƙirƙirar alƙaluma, da satar rubutun wani. Biyun ƙarshe suna iya kaiwa ga hukuncin ladabtarwa.

Farawa a zango na farko

Ƙa'idojin sassa da yawa sun bar wa ɗalibi zaɓin lokacin da zai yi aikin, kuma ra'ayin malamai ya bambanta. Masu goyon bayan zango na farko suna cewa shiga ɗakin gwaji da wuri yana nuna wa ɗalibi darussan da yake buƙata tun kafin ya cika jadawalinsa. Yana kuma ba shi damar gwada fanni da rukuni kafin ya ɗaure kansa da kundin wata shida. Idan bai ji daɗin wurin ba, zango guda ya kashe, kuma yana da sauran lokacin neman wani. Wanda yake son zarcewa digiri na uku, ko neman gurbin sanin makamar aiki a masana'anta, yana samun malamin da ya san aikinsa sosai har zai iya rubuta masa takardar shaida.

Masu cewa a jira zango na biyu suna duba nauyin karatu. Kiredit 30 a makonni 14 da lokacin jarrabawa cikakken aiki ne, kuma bincike ba ya tsayawa a sa'o'in da aka rubuta a takarda. Wanda ya sa ƙarfinsa duka a ɗakin gwaji yakan tarar da jarrabawar Janairu ta same shi bai shirya ba. Sannan batutuwa da yawa suna buƙatar ilimin da ake koyarwa a darussan zango na farkon kansa.

Bambancin ya fi fitowa tsakanin ɗalibin gida da baƙo. Wanda ya yi digirinsa na farko a jami'ar ya riga ya san malamai, wataƙila ma ya yi kundinsa na farko a wannan ɗakin gwajin, don haka yana iya daidaita batu tun kafin a buɗe zango. Wanda ya zo daga wata ƙasa yana isowa a Satumba yana neman masauki da takardar izinin zama, bai san kowa ba, guraben da aka fi so kuma an riga an kwashe. Hanyar tsaka-tsaki da wasu suke bi ita ce su ɗauki darasin farfesan a zango na farko, su daidaita batu a Disamba, su fara aiki da buɗewar zango na biyu.

Haƙƙin mallaka da sunan marubuci

Aikin zango ɓangaren karatu ne, ba a biyan albashi a kansa. Ya bambanta da aikin ɗalibi mataimaki, wanda a Jamus ake kira HiWi, wanda ake biya bisa sa'a kuma ba ya ba da kiredit. Wannan bambanci yana da tasiri a doka. Dokar Jamus ta 1957 kan ƙirƙirar ma'aikata, da dokar da ke tafiyar da ETH da EPFL, suna ba mai ɗaukar aiki haƙƙi kan abin da ma'aikacinsa ya ƙirƙira a bakin aiki. Ɗalibin da ba ma'aikaci ba bai shiga ƙarƙashin wannan ba kai tsaye. Shi ya sa ɗakunan gwaji da yawa suke neman ɗalibi ya sa hannu kan yarjejeniya tun farko, musamman idan akwai kamfani a cikin aikin. A Jamus kamfani yana iya neman a rufe rahoton na wasu shekaru, a hana kowa karanta shi sai masu ba da maki. Hakan yana kare sirrin kamfanin, amma yana hana ɗalibin nuna aikinsa ga wanda yake neman aiki a wurinsa.

Idan sakamakon ya shiga maƙalar da aka buga, batun wanda za a sa sunansa yana tasowa. Ƙa'idojin kyakkyawan bincike na hukumar DFG mai ba da kuɗin bincike a Jamus, waɗanda aka sabunta a 2019, sun ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta haƙiƙa da za a iya nunawa, kuma matsayin shugabanci kaɗai bai isa a sa sunan mutum ba. Sun kuma nemi a adana bayanan bincike, galibi na shekara 10. Cibiyoyin kimiyya na Suwizalan sun fitar da nasu kundin ƙa'idojin a 2021. Bisa waɗannan, ɗalibin da tunaninsa ko awonsa ya zama ginshiƙin maƙala ya cancanci suna a cikin marubuta, wanda taimakonsa bai kai haka ba kuma a ambace shi a sashen godiya.

Suka

Sukar da aka fi yi wa tsarin ita ce ingancinsa ya dogara da mutum guda. Ɗalibin digiri na uku da ke dubawa wataƙila bai taɓa samun horon koyarwa ba, kuma shi ma yana fama da nasa wa'adin. Wani yakan bar ɗalibi babu jagora, wani kuma ya tsara masa kowane mataki har ya koma ɗan aike. Akwai kuma rikicin buƙata: mai dubawa yana son sakamakon don nasa binciken, kuma shi ne yake ba da shawarar maki, don haka da wuya ɗalibi ya ce aikin ya wuce sa'o'in da aka yi alkawari. Da yake kowane rukuni yana da nasa ma'auni, maki 5.5 a ɗakin gwaji ɗaya ba lallai ya yi daidai da 5.5 a wani ba. Matakan da sassa suke ɗauka sun haɗa da takardar aiki a rubuce, ranar miƙawa da ba a ɗagawa sai da dalili, fom ɗin ba da maki na bai ɗaya, da ofishin sauraron ƙorafi.

A wasu ƙasashe

A Japan, inda shekarar karatu take farawa a Afrilu, ɗalibin digiri na biyu yana cikin ɗakin gwajin farfesa guda tun ranar farko, sau da yawa wanda ya shiga tun shekarar ƙarshe ta digirinsa na farko. Yana cika kiredit 30 na tsarin ƙasar cikin shekara biyu, amma bincike guda ne yake bi daga farko har ƙarshe. A Amurka akwai digiri na biyu mai kundi da maras kundi, kuma ɗalibi yana iya rajistar bincike ƙarƙashin malami a madadin darasi, ko a ɗauke shi mataimakin bincike na sa'a 20 a mako. A Birtaniya digirin yakan zama shekara guda mai kiredit 180 na tsarinsu, inda 60 suke tafiya ga binciken da ake yi a watannin ƙarshe bayan an gama darussa. A Indiya, digirin M.Tech na cibiyoyin IIT zango huɗu ne: shekarar farko ta darussa ce da gabatar da bitar wani batu, ta biyu kuma ta bincike. A jami'o'in Najeriya ma darussa ne suke zuwa da farko, sannan ɗalibi ya kare shirin bincikensa a gaban sashe kafin ya fara aikin kundi.